Ibn Battuta: Matafiyin da ya rubuta wuraren tarihi kafin wasunsu su ɓace

A shekarar 1326 wani saurayi ɗan Maroko ya tsaya a gaban hasumiyar Iskandariyya da ke gaɓar tekun Masar, wadda ta shafe fiye da shekara 1,500 tana haska wa jiragen ruwa hanya. Ya tarar gefe guda ya rushe, amma ana iya shiga. Ƙofar tana can sama, sai an taka katakan da aka gitta daga wani gini da ke fuskantarta.

Da ya sake biyowa a 1349, ginin ya lalace har babu damar hawa zuwa ƙofar. Daga baya Sarki Ƙaitbay ya gina sansanin yaƙi a gurbin. A yau bayanin wannan matafiyi yana cikin shaidu na ƙarshe na waɗanda suka ga hasumiyar a tsaye.

Sunansa Muhammad bin Abdullah, wanda duniya ta fi sani da Ibn Battuta.

Daga Tanja zuwa Makka

An haife shi a birnin Tanja a watan Fabrairun 1304, a gidan malamai da alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya. Yana ɗan shekara 21 ya bar gida shi kaɗai da niyyar aikin Hajji. Iyayensa na raye a lokacin, kuma wannan sallamar ita ce ganinsu na ƙarshe.

Tun a Masar ɗabi'arsa ta bayyana. Idan ya ji labarin wani kabari, tsohon gini ko bawan Allah a ƙauye, sai ya ratse hanya ya je. Haka ya isa ƙauyen Munyat Bani Murshid wajen Shehu al-Murshidi, ya kwana a kan soronsa, ya yi mafarkin wani ƙaton tsuntsu ya ɗauke shi ya nufi gabas mai nisa. Shehun ya fassara masa cewa doguwar tafiya na gabansa har Indiya.

Kafin ya isa Makka ya ziyarci al-Khalil, inda ake danganta kaburburan Annabi Ibrahim da Ishaƙa da Yaƙub, sannan Baitalami, mahaifar Annabi Isa, da Masallacin Ƙudus. Daga baya ya ɗaukar wa kansa ƙa'idar kada ya maimaita hanyar da ya taɓa bi muddin akwai wata.

Baƙo a gidajen ruhubanawa

Ko da yake masallatai da zawiyoyin sufaye ne masaukinsa a kusan ko'ina, bai kawar da kai daga wuraren ibadar wasu addinai ba.

A wajen garin Lazikiyya na Siriya ya ambaci Dair al-Farus, gidan ruhubanawa, wato Kiristocin da suka keɓe kansu domin ibada. Ya bayyana shi a matsayin mafi girma a Sham da Masar, kuma ya ce duk Musulmin da ya sauka a can ana karɓar baƙuncinsa da gurasa da cuku da zaitun.

A farkon shekarun 1330 ya shiga Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, cikin ayarin Gimbiya Bayalun, matar Sarki Uzbek Khan, wadda ta je ganin gida. Ya yi sama da wata guda a birnin, ya gana da sarkin Rumawa, aka haɗa shi da ɗan rakiya ya zagaya gidajen ruhubanawa maza da mata.

Da ya zo babbar majami'ar Aya Sofiya sai ya ja ya tsaya. An shaida masa cewa mai shiga sai ya rusuna wa gicciyen da ke bakin ƙofa. Ya zaɓi ya tsaya a waje, ya kuma faɗa ƙarara cewa wajen ginin kaɗai ya gani.

Dutsen da addinai suka haɗu a kai

A Delhi ya yi shekaru yana alƙalanci a ƙarƙashin Sarki Muhammad bin Tughluk, mai kyauta kamar ruwan sama, mai saurin fushi kamar wutar daji. A can ya bayyana hasumiyar Ƙutub Minar da ginshiƙin ƙarfen da ke harabar masallacinta, kuma dukansu suna nan har gobe.

A 1344 ya sauka a tsibirin Sri Lanka. Da sarkin wurin ya tambaye shi bukatarsa, sai ya nemi a kai shi Dutsen Adamu, mai tsawon mita 2,243. A ƙolinsa akwai wani gurbi mai siffar tafin ƙafa. Musulmi na danganta shi da Annabi Adamu, mabiya Buddha da Hindu kuma kowa da nasa bayanin.

Ya lissafa sarƙoƙin ƙarfe 10 da masu hawa ke kamawa, da hanyoyi biyu masu suna Baba da Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Har yanzu dubban mutane na hawa dutsen duk shekara.

Annoba da komawa gida

A hanyarsa ta dawowa a 1348 ya iske annoba na cin Dimashƙa. Ya ga mutanen birnin sun yi azumin kwana uku, sannan suka fito ba takalmi zuwa Masallacin Aƙdam da ke kudancin gari, Musulmi da Ƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, kowa na roƙon Allah ya kawo sauƙi.

Ya isa Maroko a 1349 ya tarar mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma annobar ta ɗauke ta 'yan watanni kafin isowarsa.

Ƙauyen gishiri da labarin Gobir

Zama bai karɓe shi ba. Bayan ya leƙa Andalus, a 1352 ya bi ayarin raƙuma ya keta Sahara. Bayan kwana 25 daga Sijilmasa suka isa Tagaza, ƙauyen da aka gina gidajensa da masallacinsa da tubalan gishiri, aka rufe da fatun raƙuma.

Ya zauna a fadar Mansa Sulaiman na Mali, ya ziyarci kabarin mawaƙin Andalus Abu Ishaƙ al-Sahili a Tambutu, ya wuce Gao, sannan Takedda, wadda masana ke danganta kufanta da Azelik a jihar Agadez ta Nijar. A nan ya rubuta cewa ana kai tagullar garin Gobir da Borno. Wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci wata ƙasar Hausa.

Shin duk abin da ya faɗa gaskiya ne?

Ya koma Fas a farkon 1354. Sarki Abu Inan ya sa marubuci Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa, aka samu littafin da ake kira Rihla.

Tun a zamaninsa akwai masu tababa. Ibn Khaldun ya ruwaito cewa mutanen fada sun riƙa raɗe-raɗin ƙarya yake yi game da arzikin Indiya. Masana na baya sun gano cewa an kwafo sassan bayanin Dimashƙa da Makka da Madina daga littafin Ibn Jubair, wanda ya riga shi da fiye da shekara 100. Suna kuma shakkar wasu sassan tafiyarsa ta Sin.

Duk da haka, yawancin abin da ya bayyana ya dace da wasu majiyoyi da gine-ginen da suka rage. Game da wurare irin su Tagaza, wadda ta zama kufai, masana tarihi na komawa ga littafinsa ne domin sanin yadda mutane suka rayu a can.

An ƙiyasta ya yi tafiyar kusan kilomita 120,000 cikin kimanin shekara 29. Ya ƙarasa rayuwarsa yana alƙalanci a Maroko, ya rasu wajen 1368 ko 1369.

A wani lungu na tsohon garin Tanja akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai kabarin da ake dangantawa da shi. Matafiya daga ƙasashe daban-daban kan bi lungunan suna tambayar hanya har su same shi.