Robert Broom: Likitan da ya karanta tarihin birai a haƙora, ya kuma tafasa kawunan mutane

Matafiyin da ya ratsa Dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, yana iya yin kiciɓis da garken gwaggon biri. Dangin waɗannan birai sun shafe miliyoyin shekaru a Afirka, kuma jinsuna da dama daga cikinsu sun ƙare ƙaf. Duwatsun kudancin Kano, irin na Riruwai mai kuza, ba sa adana ƙashi. Kogwannin dutsen farar ƙasa na Afirka ta Kudu ne suka riƙe kasusuwan, kuma wanda ya raɗa wa da yawansu suna shi ne Robert Broom.

An haife shi a garin Paisley na Sukotland ranar 30 ga Nuwamba, 1866. Ya karanta likitanci a Jami'ar Glasgow, ya yi ɗan zama a Ostireliya, sannan ya sauka Afirka ta Kudu a 1897. A 1903 ya zama farfesa a Stellenbosch, amma bai daɗe ba ya koma duba marasa lafiya a ƙananan garuruwa, yana tonon kasusuwan halittu masu rarrafe na zamanin da. Suna ya yi, kuɗi ne babu. Sai a 1934, yana dab da shekara 68, Jan Smuts ya sa baki aka ba shi aiki a Gidan Tarihi na Transvaal da ke Pretoria.

Birai ne suka kai shi ga abin da duniya ta san shi da shi. A 1936 wasu ɗalibai biyu suka nuna masa ƙoƙunan kan birai da suka zama dutse, waɗanda nakiyar masu haƙar farar ƙasa ta fasa a Sterkfontein. Broom ya bi sawu. Ranar 17 ga Agusta manajan wurin, George Barlow, ya miƙa masa wani dutse mai siffar ƙwaƙwalwa, wanda ya zamo na baligi na farko da aka samu daga jinsin Australopithecus, halittar nan mai tafiya da ƙafa biyu.

Yadda yake rarrabe biri da ba biri ba ya dogara ne kan haƙori, domin farin rufinsa ya fi komai tauri a jiki, yana kuma nan bayan sauran ƙashi ya ruɓe. Turmin haƙorin biran Afirka masu wutsiya yana da tsini huɗu, biyu-biyu a haɗe kamar kunya biyu a gona. Na ɗan Adam da su gorila, a muƙamuƙin ƙasa, yawanci tsini biyar gare shi. Daga nan sai awo: tsawo, faɗi, girman fiƙa. Fiƙa kan yaudari mai gaggawa, saboda ta namiji ta fi ta mace girma nesa ba kusa ba, har a ɗauka jinsi biyu ne. Ƙoƙon kai yana ƙara haske. Fuskar gwaggon birin yau tana gangarowa da sauri daga idanu zuwa hanci, ta tsohon jinsin Parapapio kuwa miƙe take.

Da wannan hanya, a 1937 ya bayyana Dinopithecus ingens, wani ƙaton gwaggon biri, daga muƙamuƙin da aka samo a Skurweberg. A shekarar ce Trevor Jones ya karrama shi da sunan Parapapio broomi, shi kuma ya rama a 1940 da Parapapio jonesi, tare da Parapapio whitei. Babban abin da ya raba ukun shi ne girman turame: jonesi ƙarami, broomi matsakaici, whitei babba. Har yau masana na gardama ko uku ne da gaske. Broom mutum ne mai saurin raɗa suna, kuma ba ya jin kunyar hakan. Ranar 18 ga Afrilu, 1947, shi da John Robinson suka fito da ƙoƙon kan da ake wa laƙabi da Misis Ples, bayan takun-saƙa da hukumar kula da wuraren tarihi kan amfani da nakiya.

Sai dai ma'aunin da ya ɗora wa birai ya riga ya ɗora wa mutane. A 1897, lokacin wani fari a yankin Namaqualand, ya yanke kawunan gawarwakin 'yan ƙabilar Khoi, ya tafasa su a murhun gidansa, ya aika Jami'ar Edinburgh. Shi da kansa ya faɗi haka. Da yake likitan gwamnati a garin Douglas bayan 1920, gawarwakin fursunoni sun bi ta hannunsa, kasusuwa suka ƙare a Gidan Tarihi na McGregor da ke Kimberley. Babu wanda ya nemi yardar iyalansu. Daga irin waɗannan ƙoƙuna ya tsara rabe-raben baƙaƙen fata, har da wani nau'in jiki da ya kira Korana, wanda masanan baya suka yi watsi da shi don ba shi da tushe. Kuskure a kan biri takarda kawai yake ɓatawa. Wannan kuwa ya faɗo ne a ƙasar da ke shirin mayar da wariyar launin fata doka a 1948.

Broom ya mutu a Pretoria ranar 6 ga Afrilu, 1951, da lambar yabo ta Royal Society ta 1928 a tarihinsa. Sterkfontein ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999. Baƙaƙen ma'aikatan da suka yi tono da tsabtace kasusuwan tare da shi, irin su Daniel Mosehle da Saul Sithole, sun yi shekaru masu yawa a gidan tarihin ba tare da an ba ko ɗayansu muƙamin masani ba.