JIBO BAKARI (1922-1998): RAYUWAR JAGORAN SAWABA DA DARASIN HANA JAM'IYYA

A cikin mazajen da suka aza tubalin siyasar Nijar babu wanda aka fi gardama a kansa kamar marigayi Jibo Bakari. Magoya bayansa sun ɗauke shi uban talakawa, abokan hamayyarsa kuwa sun kira shi mai tsattsauran ra'ayi, mai ruɗin jama'a da zaƙin baki. Tarihinsa yana ɗauke da tambayar da kowace ƙasa mai bin dimokuraɗiyya takan gamu da ita: in an ga wata jam'iyya tana barazana ga zaman lafiya, ta wace hanya za a tsare ƙasa, kuma wane ne ke da ikon yanke hukuncin?

An haife shi a shekara ta 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi ɗan'uwansa Jori Hamani. Tun yana yaro aka kai shi Tawa, inda ya shiga lakwal, ya kuma ƙware da Hausa, harshen da ya zame masa makami daga baya. Da ya ƙare makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, sai aka tura shi koyarwa Birnin Ƙwanni, daga nan Agadas. A zamanin nan aikin tilas yana bisa wuyan talaka, domin ba a soke shi ba sai a shekara ta 1946.

A shekarar nan ce aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar, Jibo kuma ya zama magatakardanta. A shekara ta 1950 shugabannin RDA suka raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don su shirya da gwamnatin mulkin mallaka. Jibo ya ƙi bin su. Ya koma aikin sandika, yana haɗa kan leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata, har ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Taken da mutanensa suka riƙe shi ne Sawaba, kalmar da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suke ɗagawa a ƙetaren iyaka tun 1950. Da ya haɗa ƙarfi da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya, sai ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956. A zaɓen watan Maris na 1957 jam'iyyarsa ta sami kujera 41 cikin 60, ya zama jagoran gwamnatin ƴan ƙasa ta farko.

Mulkinsa bai rasa abin zargi ba. Gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakuna, abin da ya sa sauran suka fara ɗari-ɗari da ita, kuma a watan Afrilu na 1958 samarin Sawaba da na RDA sun gwabza a titunan Yamai har aka zubar da jini. Ko wane ɓangare yana ganin ɗayan abokin gaba ne wanda ya kamata a kawar.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba-gardama da Janar de Gaulle ya kira. Jibo ya nemi jama'a su ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini, don a sami mulkin kai nan take. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Kolombani, wanda ya sa ƙarfin hukuma gaba ɗaya a bayan masu cewa i, sarakuna kuma suka juya wa Jibo baya. Aka bayyana cewa masu i sun sami wajen kashi 78 cikin 100, alhali mafi yawan masu rajista ba su fito ba. Jibo ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a watan Disamba. Ƴan kujerun da Sawaba ta ci ma aka soke su daga baya. Ran 12 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jori Hamani ta haramta jam'iyyar da takardar doka, bisa hujjar tsaron ƙasa. Babu wata kotu mai zaman kanta da ta saurari ɓangarorin biyu kafin a yanke.

A nan ya kamata mu dubi yadda wata ƙasa ta yi da irin wannan matsala a zamani guda. Jamusawa sun ga yadda jam'iyyar Hitila ta hau mulki a 1933 ta hanyar ƙuri'a da dokokin jamhuriya, sannan ta rusa su duka. Saboda haka tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949, a aya ta 21, ya yarda a haramta jam'iyyar da ke neman rusa dimokuraɗiyya, amma ya danƙa ikon ga kotun tsarin mulki ita kaɗai. Gwamnati sai dai ta kai ƙara, ta kawo shaida, wadda ake tuhuma ta kare kanta. Ta haka aka haramta jam'iyyar SRP ta magadan Nazi a 1952, da jam'iyyar kwaminis a 1956, bayan shari'ar da ta ɗauki kusan shekara 5. A 2017 kotun ta ƙi haramta jam'iyyar NPD, ko da yake ta tabbatar manufarta ta saɓa wa tsarin mulki, domin ba ta da ƙarfin cim ma manufar. A Nijar ta 1959 kuwa, mai ƙara shi ne alƙali, kuma shi ne mai cin gajiyar hukuncin.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga dattawan Ƙwanni da Adar. Jibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako, sannan Akara. Da ƙofar ƙuri'a ta rufe, sai ya zaɓi bindiga. Aka tura samari horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da Gana. A ƙarshen damina ta 1964 suka kutso ta iyakoki daban-daban, da zaton talakawa za su tashi su bi su. Talakawa ba su tashi ba. A Dibisu, kusa da Birnin Ƙwanni, aka kashe Danduna Abubakar, ɗaya daga cikin manyan Sawaba, a watan Oktoba kuma aka harbe mutum 4 a bainar jama'a a Yamai. Ran 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don ya halaka Shugaba Jori. Shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu. Wannan jini yana cikin abin da tarihi zai tambayi Jibo da abokansa. Ɗaruruwan mutane suka cika gidajen kaso, da masu laifi da marasa laifi, waɗansu ba su fito da rai ba.

Gwamnatin da ta yi nasara ita ma ba ta tsira ba. Da babu hamayya, zaɓen 1965 da na 1970 suka zama jerin sunaye guda, shugaba yana samun sama da kashi 99 cikin 100. Majalisa ta rasa mai tashi ya faɗi gaskiya, har lokacin da fari da yunwa suka afka wa ƙasa a farkon shekarun 1970. Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da mulkin, babu wata jam'iyya ko kotu mai ƙarfin tsayawa ta kare jamhuriyar. Jibo ya dawo gida a shekarar nan, amma a watan Agusta na 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya sha tsare har cikin shekarun 1980.

Allah ya ja ransa har ya ga Taron Ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu da yawa. Ya farfaɗo da Sawaba, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a watan Fabrairu na 1993, ya sami ƙasa da kashi 2 cikin 100. Ya karɓi sakamakon ba tare da tayar da hankali ba. Abin da haramci da kurkuku da harsashi suka kasa rabawa cikin shekara 30, akwatin zaɓe ya raba shi a yini guda, babu wanda ya rasa ransa.

Darasin a fili yake. Ƙasa tana da haƙƙin kare kanta daga mai ɗaukar makami da mai hura wutar ƙabilanci ko ta addini. Shi ya sa tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, a aya ta 9, ya hana kafa jam'iyya bisa ƙabila ko yanki ko addini. Amma kariyar ba ta amfani sai an rubuta laifin a doka tun kafin a aikata shi, an kawo shaida, alƙalin da ba ya cin tuwon mai ƙara ya yanke, sauran masu hamayya kuma an bar musu bakinsu da ƙuri'arsu. In aka rasa waɗannan, magani yakan fi cutar illa.

Jibo Bakari ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998, yana da shekara 76. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasu a rikicin nan, na kowane ɓangare.