ALEKSANDA MAKSIMOF, MUTUMIN DA YA BI SAWUN JINI HAR CIKIN ƘASHI

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilmin halittu ya san jini cike yake da ƙwayoyi. Akwai jajaye masu kai iskar da muke shaƙa ko'ina cikin jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu sa jini ya daskare in an yanke. Jar ƙwaya ba ta wuce kamar kwana 120 a duniya, saboda haka jikin babban mutum sai ya yi sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. To, daga ina suke fitowa? Mutumin da zan ba da tarihinsa a kan wannan tambaya ya ƙare rayuwarsa, amsar da ya bayar kuwa ba a tabbatar da ita ba sai da ya shekara 33 a kabari.

An haifi Aleksanda Maksimof a birnin Sen Fitasbag na ƙasar Rasha cikin shekarar 1874. Ubansa attajiri ne. Ya yi karatunsa na farko a wata makaranta inda ake koyarwa da Jamusanci, wannan kuwa ya yi masa rana daga baya, domin a zamanin nan Jamus ita ce cibiyar ilmin likita. A 1891 ya shiga makarantar likitocin soja ta Sarkin Rasha, ya fita a 1896 yana kan gaba cikin 'yan ajinsa. Amma shi hankalinsa bai karkata ga duba marasa lafiya ba. Abin da ya ɗauke masa rai shi ne madubin likita, watau na'urar nan mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Daga 1900 zuwa 1902 ya je ƙarin ilmi Jamus, a biranen Balin da Firaibag. Da ya komo gida, a 1903 aka naɗa shi farfesa a tsohuwar makarantarsa, yana koyar da yadda naman jiki yake a ƙarƙashin madubi da yadda ɗan tayi ke girma. Shekarunsa 29 ke nan a lokacin.

Kafin mu ga abin da ya yi, ya kamata mu san inda magana ta tsaya a zamaninsa. Tun 1868 wani Bajamushe, Ernst Neumann, ya nuna cewa a cikin ɓargo ake yin jini. Ashe ƙashi ba ginshiƙi ne kurum mai riƙe jiki ba, maƙera ce. Sai dai an rabu gida biyu a kan yadda aikin ke gudana. Ɓangare guda, wanda shahararren malamin nan Paul Ehrlich ya ja gabansa, ya ce fararen ƙwayoyin jini iri biyu ne waɗanda ba su haɗa uwa ba: waɗansu daga ɓargo, waɗansu daga kaluluwa da saifa. Ɗaya ɓangaren ya ce a'a, duka zuriyar uwa ɗaya ce. Ehrlich ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne ya sami lambar Nobel a 1908, don haka ja da ra'ayinsa sai mai ƙarfin hujja.

Maksimof bai tsaya gardamar baki ba, ya koma kan teburinsa. Yakan ɗauki tayin zomo ko na kyanwa ko na waɗansu dabbobi, tun yana ɗan ƙarami ƙwarai, ya yanka shi salla-salla har ya fi fatar albasa sirantaka, ya rina da launi, ya duba. Sa'an nan ya ɗauki wanda ya girme shi kaɗan ya sake yin haka, har ya jera matakan girma ɗaya bayan ɗaya. Ya bi wannan hanya har cikin kwaɗi da kifaye. Allah kuwa ya ba shi hannun zane, abin da ya gani a madubi sai ya zana shi da launi, ƙwaya bayan ƙwaya. Ya kuma gyara wata hanyar rini wadda ke bambanta ƙwayoyin jini sarai, har aka sa mata sunansa. Aiki ne na shekara da shekaru, mai cin ido da baya. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Wani gwaji da ya yi a kan zomaye ya haɗa shi da sha'anin ƙashi. Waɗansu malaman Italiya sun riga sun lura cewa in aka ɗaure jijiyoyin jini na ƙodar zomo, bayan ɗan lokaci sai ƙashi ya tsiro a cikin ƙodar. Maksimof ya maimaita wannan, ya bi shi daki-daki, ya ga ƙashi ya fito a inda ba wurinsa ba ne, ɓargo kuma ya bayyana a cikinsa ya kama yin jini. Daga nan ya ƙara sakankancewa cewa jikin babba ma yana ɗauke da waɗansu ƙwayoyi waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna jira a kira su. Ya kuma fahimci cewa ƙwayoyin jini da naman da ke kewaye da su cikin ƙashi ba a raba su, kamar shuka ce da ƙasar da ta tsiro a kai.

Ranar 1 ga watan Yuni na 1909 ya tsaya gaban ƙungiyar masana jini a Balin ya bayyana abin da ya gano. Ya ce dukkan ƙwayoyin jini, ja da fari, daga ƙwaya iri ɗaya suke fitowa, tun mutum yana ciki har ya tsufa. Ya kira ta da wata kalmar Jamusanci mai nufin gindin itace, watau ƙwayar tushe, wadda sauran suke rassanta. Ba shi ya ƙago kalmar ba, waɗansu Jamusawa sun riga shi amfani da ita. Amma shi ne ya tara mata hujjoji masu yawa a sha'anin jini har sunansa ya manne da ita. Duk da haka mutane da yawa ba su yarda ba, kuma suna da abin faɗa. Abin da ke kan gilashin madubi matacce ne, ba ya motsi. Kana iya jera hotuna goma ka ce wannan ce ta zama waccan, amma ba wanda ya ga lokacin da ta rikiɗa. Domin ya toshe wannan kafa ne Maksimof ya shiga renon ƙwayoyi masu rai a cikin kwanon gilashi, sabuwar dabara a lokacin, yana daga cikin na farko da suka yi ta a Rasha.

Ana cikin haka duniya ta juya masa. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, a 1917 aka tumɓuke Sarki, 'yan gurguzu suka karɓi mulki, yaƙin basasa ya biyo baya. Birninsa, wanda aka sake wa suna Fetirogirad, ya faɗa cikin yunwa da sanyi. Inda mutane ke neman abin sawa a baki, wa zai ciyar da zomon gwaji? Ko da yake a 1920 an zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Rasha, girma ne wanda ba ya kawo rini ko gilashi. Fita ƙasar kuwa ba ta samuwa cikin sauƙi. Saboda haka cikin hunturun 1922, shi da matarsa da 'yar'uwarsa, wadda ita ce mai taimakonsa a ɗakin bincike, suka sulale a ɓoye, suka bi ta kan ƙanƙarar da ta daskarar da ruwa har suka shiga Finlan. Mutum mai shekara 48, ya bar kujerar da ya shekara 19 a kanta, ya bar gida da almajirai, don kada aikinsa ya tsaya.

Daga can ya wuce Amurka, Jami'ar Shikago ta ba shi kujerar farfesa. Nan ya ci gaba da renon ƙwayoyi, ya kuma fara rubuta babban littafi da Turanci a kan naman jiki, wanda ya ƙawata da zanensa. Bai kai ga gamawa ba. A farkon watan Disamba na 1928 ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 54, aka binne shi a Shikago. Abokin aikinsa William Bloom ya ƙarasa littafin, ya fito a 1930. An yi ta sake buga shi shekaru da dama, ɗaliban likita a ƙasashe masu yawa suka yi karatu da shi.

Hujjar da ya rasa ta zo a 1961 daga birnin Toronto na Kanada. James Till da Ernest McCulloch suka haska wa ɓeraye wani haske mai ƙarfi wanda ke kashe ɓargo, sa'an nan suka yi musu allurar ɓargon lafiyayyen ɓera. Bayan kamar kwana 10 sai suka ga ƙulle-ƙulle a jikin saifar ɓerayen, cike da sababbin ƙwayoyin jini. A 1963, tare da Andrew Becker, suka nuna cewa kowane ƙulli daga ƙwaya guda tak ya taso. Ga uwar da Maksimof ya yi ta faɗa. A Mosko kuma, cikin shekarun 1960 da 1970, wani takwaransa, Aleksanda Firidenstain, ya dasa ƙwayoyin ɓargo a jikin ƙodar dabba, ƙashi ya tsiro da ɓargonsa. Ta haka ya gano cewa a cikin ɓargo akwai wata ƙwayar tushen dabam, mai yin ƙashi da shimfiɗar da jini ke girma a kai.

Ba kowane abin da Maksimof ya faɗa ne ya tsaya ba. Shi a ganinsa ƙaramar farar ƙwayar nan da ake kira limfosait, wadda ke yawo cikin jini, ita ce uwar. Yau an san ba ita ba ce, ita ma 'ya ce, aikinta tsaron jiki. Ainihin uwar ba ta da yawa, tana ɓoye cikin ɓargo, sai dai a ido ta yi kama da limfosait ƙwarai. Kama da wane ba wane ba ne. Madubin zamaninsa iyakarsa ke nan, amma ginshiƙin maganarsa bai girgiza ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da gardamar Rashawa da Jamusawa? Da ruwanmu. Tun da jini duka daga tushe ɗaya yake, in aka sake tushen an sake jinin. Wannan shi ne asalin dashen ɓargo, aikin da ya sa aka ba Donnall Thomas lambar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya a Amurka wadda aka yi wa dashen ɓargo saboda sankarar jini, sai ciwon sikila da take da shi ya tafi tare da sankarar. Sikila kuwa, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita. A 2011 aka fara irin wannan dashe ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Aiki ne mai tsada da haɗari, kuma sai an sami wanda ɓargonsa ya dace, yawanci ɗan'uwa na jini, don haka gwajin jini kafin aure bai daina zama wajibi ba.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke ƙosawa in malam ya ce mu zana abin da muka gani a madubi, mu tuna da kayan aikin Maksimof: madubi, wuƙa, rini, alƙalami. Bai ga ranar da aka gaskata shi ba, bai kuma san wata yarinya mai sikila za ta warke ta hanyar da ya share ba. Ya dai duba da kyau, ya zana abin da ya gani, ya bar wa na baya. Allah ya ba mu irin wannan naci a karatunmu, amin.