Orlando Martins (1899–1985): Ɗan Legas a Finafinan Ingila

An haifi Orlando Martins a birnin Legas ranar 8 ga Disamba, 1899. Bayan yaƙin duniya na farko ya isa Landan yana matashi, ba dukiya ba madogara. Ya yi aikin jirgin ruwa da ƙwadago iri-iri, har da kokawa don neman abinci, kafin ya sami ƙofar shiga wasan kwaikwayo. A 1936 ya hau dandamali tare da Paul Robeson a wasan C. L. R. James a kan Toussaint Louverture, jagoran juyin juya halin Haiti.

Bai taɓa zama jarumin da labari ke bi ba. Matsayinsa shi ne na ɗan wasa mai tallafa wa jarumi: sarkin ƙauye, boka, soja ko ɗan rakiyar Bature. Tauraronsa ya fara haskawa ne a 1946, a fim ɗin Men of Two Worlds na Thorold Dickinson, inda ya fito a matsayin Magole, bokan da ke ja da likitocin mulkin mallaka a Tanganyika. An tsara labarin ne domin boka ya sha kaye, amma kwarjinin Martins da kaurin muryarsa sun sa Magole ya kasance mutum mai hujja, ba dodon tsoratar da masu kallo kawai ba.

Shekara uku bayan haka ya fito a The Hasty Heart tare da Richard Todd da Patricia Neal da Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Labarin yana gudana ne a wani asibitin soja a Bama, kuma Martins ya fito a matsayin Blossom, sojan Basuto wanda ba ya jin Turanci. Marubuta sun hana shi magana, sai ya isar da saƙonsa da ido da fuska da motsin jiki. Wannan rawa ita ce ta fi bayyana halin da ɗan wasa baƙar fata ke ciki a wancan zamani: ana bukatar siffarsa, ba a bukatar harshensa.

Daga nan ayyuka suka riƙa zuwa: Where No Vultures Fly a 1951, West of Zanzibar a 1954, Simba a 1955, sai Sapphire a 1959. A Sammy Going South na 1963 ya fito a matsayin Abu Lubaba, dattijon Musulmi matafiyi da ya taimaki wani yaro maraya. Abin lura shi ne, akasarin waɗannan labarai na gabashi ko kudancin Afirka ne, kuma alƙalamin Turawa ne ya tsara su. Wato ɗan Legas ya shafe shekaru yana wakiltar al'ummomin da ba nasa ba, domin masana'antar ba ta damu da bambance Bayarabe da Bakikuyu ba.

Martins ya koma Legas a 1959, gab da samun 'yancin kai. Yana da shekara saba'in ya fito a labarin da ɗan ƙasarsa ya rubuta, wato Kongi's Harvest na Wole Soyinka, wanda Ossie Davis ya ba da umarni a 1970. Bayan shi ya shiga fim ɗin da aka gina a kan littattafan Chinua Achebe. Ya rasu a Legas ranar 25 ga Satumba, 1985. Yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi suna a fim a ƙetare, tun kafin ƙasar ta mallaki masana'antar fim tata ta kanta.