Louis Pasteur: Ɗan Majemi Wanda Ya Karya Lagon Haukan Kare

Duk wanda ya ɗauki ɗan kwikwiyonsa ko 'yar kyanwarsa ya kai asibitin dabbobi aka yi musu allurar rigakafin hauka, to, yana cin gajiyar wahalar wani Bafaranshe ne mai suna Louis Pasteur.

An haife shi ranar 27 ga watan Disamba, 1822, a garin Dole na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne. Ya yi karatu mai zurfi a birnin Faris, ya ƙware a ilmin sinadarai. Cikin 'ya'yansa biyar, uku sun rasu tun suna ƙanana, biyu daga cikinsu da zazzaɓin taifot. A 1868 kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Duk da haka bai ajiye aiki ba.

Bincikensa ya tabbatar da cewa ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke haddasa cututtuka da yawa. Daga nan ya gano cewa idan aka raunana ƙwayar cuta aka sa wa dabba, jikinta zai koyi yaƙi da ita. Ya fara da cutar kwalara ta kaji, sa'an nan a 1881 ya gwada maganin ciwon saifa a kan tumaki a bainar jama'a. Waɗanda ba a yi wa allura ba suka hallaka.

Bayan haka sai ya fuskanci haukan kare, cutar da in alamunta suka bayyana ga mutum, sai dai a jira ajali. Shi da abokin aikinsa Emile Roux suka riƙa busar da lakar zomayen da suka kamu, domin ƙarfin cutar ya ragu, suka yi ta gwadawa a kan karnuka har suka ga nasara.

Ranar 6 ga watan Yuli, 1885, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Al'amarin ya yi wa Pasteur nauyi ƙwarai. Shi ba likita ba ne, maganin kuwa bai tabbata a kan ɗan Adam ba. In yaron ya mutu, laifi na kansa. In an bar shi, ana tsoron mutuwa ce. Ya shawarci likitoci, aka yi wa yaron allura 13 cikin kwanakin da suka biyo baya. Yaro ya rayu har ya manyanta.

Labari ya bazu, waɗanda kare ya ciza suka yi ta kwarara Faris daga ƙasashe masu nisa. A 1888 aka buɗe cibiyar bincike mai sunansa. Ya rasu ranar 28 ga watan Satumba, 1895, kuma tun 2007 ake tunawa da wannan rana a matsayin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

Har yanzu cutar tana kashe dubban mutane kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Don haka likitocin dabbobi ke yi wa kwikwiyo da 'yar kyanwa allura tun suna da kimanin wata uku, a kuma maimaita daga baya. Allurar da aka yi wa kwikwiyo, yaran gidan da na maƙwabta ta tsare.