Rabe Mai Dikwa: Ya Ci Barno da Bindiga, Ya Rasa Hanyar Albarushi

'Yan uwa masu ɗaukar kaya daga Maiduguri zuwa Ndjamena sun haddace garuruwan hanya kamar karatun allo: Mafa, Dikwa, Gamboru Ngala, a haye gada a shiga Fotokol, a miƙe zuwa Kusseri, sannan gadar Ngeli. Ƙasa uku ke nan, ga kwastan ga duwan. Daga Dikwa har Kusseri kuwa, duk tafiya ce a cikin fagen faman mutum ɗaya. Shi ya sa a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu muka ware wa Rabe shafi, musamman saboda mambobin nan da ba sa gajiya da musun tarihin yaƙe-yaƙe idan ana jiran takardu a bakin iyaka.

An haifi Rabe Fadlallah wajajen 1842 a Halfaya, kusa da Khartum. Ya fara da aikin soja ƙarƙashin gwamnatin Masar, daga baya ya koma yaron Zubairu Rahma Mansur, attajirin da ya mamaye yankin Bahar al-Gazal. Kada kalmar attajiri ta ruɗe mu. Hajar Zubairu hauren giwa ce da bayi, kuma da bakin bindiga ake samo ta. A wannan makaranta Rabe ya yi karatu, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandojin da suka ci Darfur a 1874.

Da aka tsare Zubairu a Alƙahira, ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye. Wani Bature ɗan Italiya mai suna Gessi, wanda ke wa Masar aiki, ya murƙushe tawayen a 1879. Sulaimanu ya miƙa wuya, aka harbe shi. Rabe ya ƙi miƙa wuya, ya nausa yamma da 'yan ɗaruruwan mayaƙa, ya shafe fiye da shekara goma yana kai hari a ƙasashen da yau suke arewacin Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi. Wanda ya kama, ko ya sayar da shi ya sayi makami, ko ya ɗora masa bindiga ya zama sojansa. Haka rundunar ta yi ta kumbura, an kasa ta tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta, ana horo da fareti irin na sojan Masar.

A 1893 ya karya Bagarmi, ya haye zuwa Barno. Shehu Hashimu yana da dawaki da yawan jama'a, amma mahayi da mashi ba ya iya wa sahun 'yan bindiga masu harbi da oda. Aka kori rundunar Barno, Rabe ya shiga Kukawa, ya washe ta, ya ƙone. Shehu Kyari, wanda ya karɓi ragama bayan Hashimu, ya ja daga a bakin kogin Yobe, har ya fara samun galaba, kafin yaƙin ya juye a kama shi a kashe. Rabe ya kafa hedikwatarsa a Dikwa.

Nan ne labarin ya fi shafar mu. Kukawa ita ce bakin zaren tsohuwar hanyar ayari da ke bi ta Bilma da Fazzan zuwa Tarabulus. A can fataken Larabawa ke da gidaje da fatomomi da basussuka, ana fitar da fata da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi. Ranar da garin ya ƙone, bashi ya bi ruwa, amana ta watse, madugai suka karkata zuwa hanyar Kano da Damagaram, wasu zuwa ta Wadai. Rabe ya yi ƙoƙarin jawo su Dikwa. Ya tsara haraji, ya gina kasuwa, kuma ko maƙiyansa sun shaida cewa ya iya tsari. Amma falke ba ya kai dukiyarsa inda ya ga an ƙwace ta ɗan uwansa jiya.

Maƙwabta ma suka juya masa baya. Wadai tana gaba da shi tun kan Bagarmi. Sakkwato kuwa tana masa kallon ɗan Mahadiyya, ga shi ya haɗa kai da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya ɓalle daga gida ya kafa jama'arsa a Balda. Rabe ya aurar masa da 'yarsa Hauwa, sai dai surukutar ba ta yi ƙarko ba: an kashe Hayatu a 1898 lokacin da yake ƙoƙarin gudu daga Dikwa. Ta kudu, Rabe ya aika wa kamfanin Ingilishi da ke kogin Binuwai yana neman albarushi, bai samu biyan bukata ba, domin tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta taƙaita sayar da makaman zamani a wannan yanki. Mutumin da ƙarfinsa duka ke cikin bindiga ya wayi gari sai ta ɓarauniyar hanya yake samun abin ɗura mata. A ganinmu, tun daga nan aka fara cin sa da yaƙi, tun Faransawa ba su iso ba.

Da suka iso, da farko shi ya yi nasara. A watan Yulin 1899 ya hallaka ayarin Bretonnet a dutsen Togbao, ya kwashe igwoyinsu. Wani ɗan kasuwar Faransa mai suna Behagle, wanda ya je Dikwa da maganar ciniki, aka rataye shi a shekarar nan. A Kuno, cikin watan Oktoba, aka gwabza da rundunar Gentil, kowa ya ji jiki.

Daga nan runduna uku suka haɗu a kansa: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta Damagaram (ragowar ayarin Voulet da Chanoine, wanda mutanen Birnin Konni ba su manta ɓarnarsa ba), ta uku ta hauro daga Kwango. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, suka auka wa sansaninsa a wajen Kusseri, tare da mayaƙan Bagarmi masu neman fansa. Kafin rana ta yi nisa an fasa shingen. Rabe ya ji rauni, ya nufi kogin Shari, aka cim masa, aka sare kansa. Kwamandan Faransawa, Lamy, shi ma bai kwana ba. Sunansa aka sa wa sansanin da aka kafa a ƙetaren kogi, Fort-Lamy, wanda ya koma Ndjamena a 1973.

Ɗansa Fadlallah ya ja ragowar runduna zuwa yamma yana neman Ingilishi su amince da shi, Faransawa suka bi shi har Gujba suka kashe shi a 1901. Turawa suka yanka ƙasar uku. Dikwa ta faɗa rabon Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingila, kuma sai da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata cikin Najeriya. Shingayen da muke tsayawa yau, a wancan rabo suka samo asali.

Har yanzu ba a daina musu a kansa ba. Wani ya ce gwarzo ne da ya mutu yana fuskantar Nasara, wani ya ce kakanninsa a igiyar Rabe aka ja su. Dukansu akwai su cikin mambobinmu, don haka mai buɗe zancen a tasha ya san gaban wa yake magana.

Gidan Rabe yana nan a Dikwa, cikin wuraren tarihi da gwamnatin Najeriya ta keɓe, ko da yake shekarun tashin hankali sun taɓa garin ƙwarai. Mai son ziyara ya fara tambayar lafiyar hanya wurin direbobin da suka biyo ta a ranar, ya je da rana, ya kuma fara gaida dattawan gari kafin ya fito da waya yana ɗaukar hoto.