Malam Aminu Kano da Tsoron Kwaminis

Masu karatu na Gidan Igwai da sauran unguwannin Sakkwato, yau ga tarihin wani malami wanda ya taɓa zama a lardinmu, aka kuwa jefe shi da sunan da ba nasa ba.

An haifi Malam Aminu a Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a majalisar Alƙali. Ya yi karatun allo da na littattafai, kana ya shiga Kwalejin Kaduna. A 1942 ya tafi Bauci koyarwa, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, a 1946 kuma aka aike shi London ƙaro ilmi. Bayan komowarsa aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato na wancan zamani. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa ran 8 ga Agusta na wannan shekara, har ya zama shugabanta a 1953.

To, a lokacin nan duniya ta rabu gida biyu, Amurka da Ingila a gefe guda, Rasha da Sin a gefe guda. Turawan mulki suka cika da tsoro kada aƙidar kwaminis ta shigo Nijeriya. A 1954 gwamnati ta sanar ba za ta ɗauki ɗan kwaminis aiki a muhimman ma'aikatu ba, aka hana shigo da littattafansu, har Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta aka ƙi sabunta mata fasfo bayan ta ziyarci Sin a 1956. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A Arewa kuwa kalmar ta fi haka nauyi, domin a kunnen jama'a kwaminis shi ne wanda ya musunta Ubangiji, ba ya ganin girman uba balle na sarki. Da NEPU ta fito da takardar manufofinta ta Sawaba a 1952, ta ambaci gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu sarauta, sai abokan hamayya suka sami sandar duka. Wanda aka fitar daga addini da baki, wa zai tsaya masa? Aka riƙa ɗaure 'yan NEPU a kotunan alƙalai, wasu aka yi musu bulala, a Kano kuma 'Yan Mahaukata suka tasam musu.

Alhali kuwa Malam Aminu mai tafsiri ne a watan azumi, kuma cikin mutanen waje Gandhi na Indiya ya fi ɗauka abin koyi. Hujjarsa a kan zalunci tana cikin littattafan masu jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da gaisuwar sarakuna cikin ɗabi'un mulkin da ya yaƙa. Abin da Turawa ke nema a Mosko yana nan cikin gafakar malaman Sakkwato.

Malam ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya faɗi a 1964. A 1967 ya zama kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, a shekarar ce kuma Nijeriya ta sayi jiragen yaƙi daga Rasha ɗin da ake gudu, aka sauke su a filin jirgin Kano, wanda yau ke amsa sunansa. A 1978 ya kafa PRP, gwamnoninta na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu 1983, bai bar dukiya ba sai gidansa na Gwammaja da littattafai. Tarayyar Sobiyat kanta ta rushe a 1991.

Jama'a, tsoro ya sa aka bar tambayar ko gaskiya Malam ya faɗa, aka koma tambayar wa ya aiko shi. In kun ji an laƙaba wa mai kuka suna, ku fara sauraron kukan tukuna. Allah ya jiƙan Malam, ya sa mu cika da kyau. Haza wasalam.